A Auna Hannu Biyu: Hawan Jinin 'Yar Shekara 23 Ba Tunani Ba Ne

Wani shirin lafiya nake saurare a rediyo da daddare, irin wanda ake buɗe layi jama'a su bugo. Wata yarinya ta bugo ta ce shekarunta 23, an ce tana da hawan jini, tana shan magani amma jinin ya ƙi sauka, ga kuma hannunta na hagu yana mutuwa da zarar ta ɗan yi aiki. Amsar da aka ba ta ita ce ta rage gishiri da magi, ta rage tunani. Mai gabatarwa ya ƙara da cewa 'yan matan yanzu sun sa wa ransu damuwar aure. Aka wuce zuwa mai kira na gaba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Gaskiya ne ba a gano cuta ta waya. Amma abubuwa biyun da ta faɗa, idan suka haɗu a jikin mace mai ƙarancin shekaru, sun isa a ce mata: gobe ki je asibiti, a auna miki jini a hannun dama da na hagu, ki nemi ganin likitan zuciya.

Matsayina a fili yake. Akwai cututtukan jijiyoyin jini da ba su cika yawa ba, waɗanda suka fi kama mata matasa, kuma a wurinmu ana barin su su ci mutum shekara da shekaru saboda ba wanda ya taɓa jin sunansu. Ya kamata a riƙa maganarsu a rediyo, a wurin awon ciki, a makarantun koyon jinya. Kuma ya kamata auna jini a hannu biyu ya zama al'adar kowane asibiti da kowane kemis mai na'urar awo, aƙalla a karon farko da mutum ya zo.

Wace cuta ce?

Wadda na fi sani a cikinsu ita ce cutar Takayasu. Sunan wani likitan ido ne ɗan Japan, Mikito Takayasu, wanda a 1908 ya gabatar wa 'yan'uwansa likitoci bayanin wata matashiya da ya ga jijiyoyin cikin idonta sun sauya kama. A taron ne wasu likitoci biyu, Onishi da Kagoshima, suka ce su ma sun ga irin haka, kuma marasa lafiyarsu ba a jin bugun jini a wuyan hannunsu.

Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki ta juyo ta far wa bangon babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya da manyan rassanta. Bangon ya kumbura, ya yi kauri, hanyar jini ta tsuke, wani lokacin ta toshe gaba ɗaya. Kamar dai a taka tiyon ban-ruwa ne: gaba ruwa ya koma ɗigo, baya kuma ya cika ya yi tauri. Idan reshen da ke kai jini hannu ne ya tsuke, hannun ya riƙa gajiya da sanyi. Idan na wuya ne, sai jiri, duhun gani, har shanyewar ɓarin jiki. Idan na ƙoda ne, ƙodar takan ɗauka jini ya yi ƙaranci a jiki, sai ta saki wani sinadari mai suna renin da ke tura jini sama, kuma maganin hawan jini na yau da kullum ya yi ta fama bai saukar da shi ba.

Cikin masu cutar goma, takwas zuwa tara mata ne, kuma yawanci takan fara ne tsakanin shekara 10 da 40. A ƙasashen da ake ƙirgawa, sabbin masu kamuwa ba su wuce mutum ɗaya zuwa uku cikin miliyan ba a shekara.

Tana da 'yar'uwa, wata cutar jijiyoyin jini mai suna fibromuscular dysplasia, da likitoci ke taƙaita sunanta da FMD. Ita ba kumburi ba ce, bangon jijiyar ne ke girma ba daidai ba, nan ya tsuke can ya buɗe. Ita ma mata ta fi kamawa, ita ma jijiyoyin ƙoda da na wuya take so, kuma masu ita sukan yi kukan ciwon kai da wani sauti a kunne mai tafiya tare da bugun zuciya.

Yadda take ɓuya a gidajenmu

Ɗiyar yayata ce ta sa na san wannan cuta. Ba ta daɗe da aure ba ta fara zazzaɓi mai zuwa ya tafi, da kasala, da ciwon gaɓoɓi, tana ramewa. Duk inda aka je, maleriya da taifot. Ta sha allurai, an yi mata ƙarin ruwa, zazzaɓin ya lafa ya dawo.

Daga baya sai hannu. In ta ɗauki muciya za ta tuƙa tuwo, kafin tuwon ya haɗe hannun hagu ya mutu, sai ta ajiye ta girgiza shi, ta jira, ta sake ɗauka. In ta ɗaga hannu za ta yi shanya, jiri ya kwashe ta. Surukarta, mace mai kirki a sauran al'amura, ta yanke hukunci cewa son jiki ne irin na 'yan boko. Wata gwaggo ta ce sanyi ne. Wata ta ce a nemo mai ruƙiyya. Ita kuwa yarinyar ta daina faɗa, domin duk sanda ta faɗa sai a yi mata kallon mai gudun aiki. Ranar da ta kira ni tana kuka, abin da ta ce shi ne, "Kawu, wallahi ba ƙyuya nake yi ba, hannun ne ba ya jin magana."

Abin da ya fi ba ni tsoro idan na tuna shi ne awon jinin. A ƙaramin asibitin unguwarsu kujerar majinyaci tana gefen teburi ne ta yadda hannun hagu ke kusa da na'ura, don haka kullum hagu ake ɗaure wa. Awon ya nuna 90 bisa 60. Sista ta ce mata, "Malama, jininki ya yi ƙasa, ki riƙa shan madara da lemon malt, ki ci abinci sosai." Haka aka yi ta tafiya.

Sai da aka kai ta asibitin koyarwa wata likita matashiya ta kama wuyan hannunta na hagu, ta lalubi bugun jini, ta sake lalube, ba ta ji ba. Ta kama na dama, ga shi nan yana bugawa da ƙarfi. Ta ɗaura na'ura a dama: 170 bisa 100. Ta sa abin sauraro a gefen wuyanta da saman ƙashin kafaɗa, ta yi shiru tana ji, sannan ta sa a cikinta kusa da cibiya. Duk wannan bai kai minti biyar ba. Yarinyar da ake ce wa jininta ya faɗi, ashe da hawan jini mai tsanani take yawo, hannun da ake aunawa ne ba ya samun jini.

Tana nan da ranta, tana shan magani, tana aikinta. Amma jijiyar hannun ta riga ta toshe, kuma abin da ya toshe magani ba ya buɗe shi.

"Maleriya na kashe yara, kana maganar mutum ɗaya cikin miliyan"

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Najeriya kaɗai na ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Ga kwalara duk damina, ga mata na mutuwa wurin haihuwa, ga yara masu tamowa. Wanda ya ce a fara da waɗannan, yana da gaskiya.

To amma me nake nema a ɗauke daga kasonsu? Ban ce a gina asibitin Takayasu ba. Ban ce a karkatar da kuɗin gidan sauro ba. Na'urar awon jini tana nan a kan teburi, hannu na biyu yana nan a jikin majinyaci. Ƙarin minti ɗaya ne. Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan ba: ƙa'idojin kula da hawan jini na Ingila da Turai da Amurka duk sun ce a karon farko a auna hannu biyu, daga nan a ci gaba da amfani da wanda ya fi nuna sama.

A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da alamomi shida na rarrabe cutar Takayasu: fara ciwo kafin a wuce shekara 40, gajiyar hannu ko ƙafa idan an yi aiki, raunin bugun jini a hannu, bambancin awo tsakanin hannaye da ya haura 10, sautin huci a kan jijiya, da hoton jijiyoyi da ya nuna tsukewa ko toshewa. Ku ƙirga da kanku. Biyar daga cikin shidan ba sa buƙatar komai sai tambaya, da yatsu, da na'urar awo, da abin sauraro. Na shidan ne kaɗai ke buƙatar babban asibiti.

Ribar kuma ba ta tsaya kan masu Takayasu ba. Wanda ya saba tambayar "me ya sa wannan matashiyar take da hawan jini?" shi ne zai kama ciwon ƙoda tun da wuri, ya kama FMD, ya kama yaron da aka haifa da tsukakkiyar babbar jijiya, ya kama dattijo mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka fara toshewa. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu hawan jini akwai wata cuta ta daban a ƙarƙashin nasu, kuma a cikin matasa adadin ya fi haka.

Ɗabi'ar nan ta mayar da kowane zazzaɓi maleriya ta taɓa ci mana rayuka a fili. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ana ta zaton cututtukan da aka saba gani, sai da aka gwada jininsu aka gano gubar dalma ce daga dakan duwatsun zinare. Kimanin yara 400 suka rasu. Abin da ya fara ceton sauran shi ne wani ya tsaya ya ce wannan bai yi kama da abin da muka saba ba.

"Ai ciwon mutanen Japan ne"

Sunan ne na Japan. Cutar tana Indiya, tana Meziko, tana Turkiyya, tana Afirka. Likitocin asibitin Groote Schuur da ke Afirka ta Kudu sun buga bayanan majinyata 272 a 2005, waɗanda suka gani cikin kimanin shekara 50. Masu bincike kuma sun daɗe suna zargin akwai alaƙa tsakaninta da tarin fuka, duk da ba a kai ga tabbatarwa ba, kuma kowa ya san tarin fuka ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Idan aka ce ba a ganinta a nan, sai in tambaya: wa ya duba? Matashiyar da ta yanke jiki ta faɗi ɓarin jikinta ya shanye, a gida za a ce jifa ne ko iska. Wadda ƙodarta ta lalace har aka kai ga wanki, za a rubuta hawan jini a katinta a rufe. Wadda ta rasu, kafin la'asar an yi mata sutura, kamar yadda addini ya tanada, ba wanda zai san abin da ke cikin jijiyoyinta. Cutar da ba a nema ba za ta shiga lissafi ba, rashin shigarta lissafi kuma sai ya zama hujjar ƙin nemanta.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Da cutar nan magidanta 'yan shekara 50 take kamawa, masu abin hannu, da tuni an san sunanta. Mace matashiya idan ta ce ta gaji, amsoshin a shirye suke: kishi ne, laulayi ne, shagwaɓa ce, tunani ne. Sau da yawa ma ba ita ke yi wa likita bayani ba, miji ko uwar miji ke yi, ita tana sunkuye.

"Ko an gano, ina kayan aiki, ina kuɗi?"

Nan ma akwai gaskiya. Hoton jijiyoyi na CT ko MRI yana da tsada, kuma sai a manyan asibitoci. Sabbin magungunan da ake ba wanda cutar ta ƙi lafawa sun fi ƙarfin yawancinmu. Likitocin tiyatar jijiyoyin jini 'yan kaɗan ne a ƙasar nan.

Sai dai matakin farko ba shi ne mai tsadar ba. Gwajin jini na ESR da ke nuna kumburi a jiki ana yin sa a ƙananan ɗakunan gwaji. Sikanin jijiyoyin wuya da na ƙoda, da irin na'urar da ake duba masu ciki, ana samunsa a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Magungunan da ake farawa da su, firednisolon da metotireksat, tsofaffi ne kuma suna da sauƙin kuɗi idan aka gwada da wankin ƙoda. Duk wanda ya taɓa zama a bakin ɗakin wankin ƙoda ya ga yadda iyali ke sayar da gona da fili don biyan zama biyu ko uku a mako, ya san wanne ne mai tsadar. Mai FMD kuwa, idan matashiya ce aka gano da wuri, akan buɗe jijiyar ƙodar da wata 'yar balan-balan da ake zurawa ta cikin jijiya, wasu har su rabu da hawan jinin.

Kuma mun ga irin wannan ya yiwu a nan. Yara masu sikila jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu kan tsuke su sami shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun koya wa ma'aikata auna gudun jini a kan yaran da na'urar sikanin, wanda aka ga yana cikin haɗari a ɗora shi kan maganin haidiroksiyuriya. An buga sakamakon binciken a 2022. Da an tsaya kan "ba mu da kayan aiki", da ba a fara ba.

Ko da ba a kai ga hoto ba, sanin cewa hannun hagu yana ba da awon ƙarya shi kaɗai yana iya ceton rai. A rubuta a saman katinta da jan biro: a riƙa auna dama. Idan hannayen biyu duk sun toshe, a auna a ƙafa.

"Za ku tsorata mutane"

Wannan sukar na yarda da rabinta. Mun san yadda saƙon lafiya ke zama idan ya shiga WhatsApp. Gobe wata ta kwana a kan hannunta ta tashi ya yi mata nauyi, sai ta ce Takayasu ce. Jibi mai maganin gargajiya ya ɗaura lasifika a kan mota yana tallan maganinta.

Saboda haka dole saƙon ya zama daidai. Ɗan bambanci tsakanin awon hannu biyu abu ne da ake samu a jikin masu lafiya da yawa. Abin dubawa shi ne bambanci mai yawa wanda aka sake aunawa aka sake samu, ko rashin bugun jini a hannu ɗaya, ko hawan jini a jikin wanda bai kai shekara 30 ba, ko jinin da ya ƙi sauka ana shan magani iri uku. Waɗannan ba sa nufin mutum yana da cutar. Suna nufin a tura shi gaba.

Abin da nake jin tsoro ya fi wannan shi ne kemis. Firednisolon da danginsa ana sayar da su kamar alewa, wasu 'yan mata ma sha suke yi don su yi ƙiba. Wanda ya ji sunan maganin ya je ya saya da kansa zai iya jawo wa kansa ciwon suga, da ƙarin hawan jini, da lalacewar ƙashi, kuma zai iya tayar da tarin fukan da ke kwance a jikinsa. Shi ya sa likita ke binciken tarin fuka kafin ya ɗora mutum a kai. Mai FMD kuma wannan magani ba ya yi mata komai sai illa. Haka lisinofiril da masu kemis ke miƙa wa duk wanda aka ce jininsa ya hau: idan jijiyoyin ƙodojin biyu duk a tsuke suke, zai iya durƙusar da ƙodar cikin kwanaki.

Don haka waɗanda suka fi buƙatar wannan wayar da kai ba 'yan kallo ba ne. Masu jinya ne, da ungozomomi, da ma'aikatan ƙananan asibitoci, da masu kemis, da masu gabatar da shirye-shiryen lafiya. Kowace shekara ana ware 17 ga Mayu don hawan jini, ana kafa rumfuna a kasuwa da tasha ana auna mutane kyauta. Ana kuma ware ranar ƙarshe ta Fabrairu don cututtukan da ba su cika yawa ba, tun 2008. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar rana da sabbin riguna da huluna ba. A rumfunan da ake da su, a ɗaura na'urar a hannu biyu, a kuma tanadi takardar tura mutum asibiti.

Maganar ciki da aure

Wurin da na fi so a fara shi ne awon ciki, domin nan ne kaɗai mata da yawa ke haɗuwa da na'urar awon jini a rayuwarsu. Mai cikin da ake auna wa toshasshen hannu za a riƙa ce mata lafiya lau har ranar da jijjiga ta kama ta. Ungozomar da ta auna hannu biyu ranar yankar kati ta toshe wannan ƙofa.

Na kuma san abin da wasu iyaye ke gudu. Suna tsoron a ce 'yarsu na da cuta mai suna, manema su janye, ko miji ya fara hangen waje. Shi ya sa ake rufa-rufa, ana kai ta wurin mai magani a ɓoye. Cutar Takayasu ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, ba ta hana ɗaukar ciki, kuma mata da yawa masu ita sun haihu lafiya. Sharaɗin shi ne a tsara cikin tare da likita, lokacin da cutar ta lafa, a haihu a asibitin da ke da likitan mata da na zuciya. Metotireksat da lisinofiril duk suna cutar da ɗan tayi, don haka mai shan su ta sanar da likita tun kafin ta yi niyyar ɗaukar ciki, a sauya mata da waɗanda suka dace. Mijin kuma ya shiga ɗakin likita tare da ita ya ji bayanin da kunnensa, sannan shi ya je ya yi wa mahaifiyarsa.